Yayana da Fegin da Aka Hana Taki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda yake ba da aron rai, ya karɓi abinsa ranar da ya so, ba a tambayarsa dalili. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Allah ya yi wa yayana rasuwa a farkon daminar bana, gero bai kai gwiwa ba. A asibitin birni ya cika, aka kawo shi ƙauyenmu da ke arewa da Minjibir, domin haka ya yi wasiyya. Wanda ya san yankinmu ya san ba mu da fili. Daga bakin danga har bakin hanya duk shuka ce. Saboda haka motocin da suka zo daga jami'o'i ba su sami wurin tsayawa ba, sai suka jeru a gefen titi. Manyan malamai suka tako cikin laka, wasu riƙe da takalmansu a hannu, suna bin siririyar hanya tsakanin gonaki, suna kaffa-kaffa kada su taka wa wani shukarsa.

Na zauna a zaure kwanakin makoki ina karɓar gaisuwa, ina sauraron abin da kowa ya riƙe game da shi. Wani farfesan likitanci mai furfura ya kama hannuna ya kasa saki, ya ce bai taɓa aika takardar neman tallafin bincike ba sai da marigayi ya karanta ta ya yi mata gyara, alhali fanninsu ba ɗaya ba ne. Wani masanin gine-gine ya ce ranar da aka ba shi lambar yabo, kafin danginsa su iso yayana ya riga su, da ƙunshin gyaɗa a hannu. Manoman garinmu kuwa ba su san waɗannan abubuwa ba. Su abin da suke ta faɗa shi ne, mai auna gero ya tafi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ita abin da ba za ta manta ba, bai taɓa shiga gonarta da takalmi a ƙafa ba.

Ranar addu'a wakilin jami'a ya miƙe, ya ambaci tallafin da marigayi ya samo ɗaya bayan ɗaya, da lambobin yabon da ƙungiyoyin masana suka ba shi, har liman ya fara duban inuwa. Da aka watse, uwargidansa ta aiko a kira ni cikin gida. Tana zaune cikin takaba, ba ta ɗago kai ba ta ce:

“Malam, sun faɗi duk tallafin da ya samu. Wanda ya rasa fa, wa zai faɗa?”

Na san wanda take nufi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin waɗanda suka ga al'amarin da idonsu a gidanmu sun ƙare, saura ni da ita.

Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana. Ƙanensa, wanda muke kira Baffa, shi ya riƙe mu, ya riƙe gandun gida. Shi ne kuma ya raba mana hanya. Da dagaci ya nemi yaro ɗaya daga gidanmu domin makarantar boko, sai ya miƙa yayana. Ni kuwa ya damƙa ni ga malami, daga allo na wuce zaurukan birni ina bin littattafan fiƙihu da nahawu. Yayana ya yi ta karatu har ƙasashen waje, ya dawo ya zama malamin jami'a a fannin ƙasar noma. A gida dai ba a san shi da wani laƙabi ba. Baffa har ya bar duniya da sunan yarinta yake kiransa. Yayana kuma ni yakan kira ni Malam na gaske, ya ce tasa malantar ta albashi ce.

Mutum ne mai jinkirin magana. Idan ruwan farko ya sauka, yakan durƙusa ya damƙi ƙasa, ya murza ta, ya sansana. Idan aka tambaye shi abin da bai tabbatar ba, amsarsa ɗaya ce: ban auna ba. Ko ruwa zai kai ƙarshen wata? Ban auna ba. Ko gonar wane ta fi ta wane? Ban auna ba. Uwargidansa ta taɓa ba mu dariya, ta ce ta daina tambayarsa ko gishiri ya ji a miya.

A shekarun wahala al'amarin ya faru, lokacin da ruwa ya riƙa ɗaukewa kafin gero ya yi ido, a birni kuma ake bin layi a kan sabulu da shinkafa. Albashin malamin jami'a ba ya kai shi tsakiyar wata. Da yawa daga abokansa sun tattara sun tafi ƙasashen waje, wasu sun mai da motocinsu na haya. Takin zamani ya yi tsadar da talaka ko kallonsa ba ya yi. A cikin wannan hali wata ƙungiya ta ƙetare ta ba yayana tallafi, domin ya binciko yadda manomi zai sarrafa ɗan takin gida da yake da shi, na juji da na turke, ya ishe shi ba tare da na kanti ba. Sharaɗin shi ne, idan rahoton farko ya gamsar, za a sabunta tallafin na wasu shekaru. Da shi ya sami motar zuwa ƙauyuka, da shi ake ciyar da ɗalibansa da ke neman digiri na gaba, da shi kuma ake biyan magidantan garinmu da suke yi masa aikin gona a lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Gidaje da dama a kansa suka rataya.

Gonar gandunmu ya zaɓa domin babban gwajin. Ya zo da igiya da turaku, ya yanka ta fegi-fegi. Wani fegin za a zuba masa taki da yawa, wani kaɗan, wani a gauraya da toka. Fegi ɗaya kuwa ba za a zuba masa komai ba, domin da shi za a gwada sauran. In babu shi, ba yadda za a san abin da takin ya ƙara. Kuma ba shi yake zaɓar wanda za a hana ba. Ƙuri'a ake jefawa, don kada son zuciyar mai bincike ya shiga. Da ya jefa, sai ta faɗa a kan fegin da ke bakin hanyar kasuwa.

A nan sai na yi wa wanda ba ɗan yankinmu ba bayani. Mu ƙasarmu ba ta hutawa, domin ba mu da wata da za mu koma. Abin da ya riƙe ta tun zamanin kakanni shi ne taki. Tun cikin rani magidanci yake ɗora wa jakinsa mangala, yana kai takin turke da sharar gida, yana jera su tsibi-tsibi a gona. Da tsibin taki ake sanin gida yana raye. Gonar da bazara ta same ta babu tsibi, kowa ya san ɗayan biyu ne: ko mai ita ya gaza, ko yana shirin rabuwa da ita. Kafin a yi shuka mutanen gari sun sa wa wurin suna fegin yunwa, har wani mahauci ya tare Baffa a bakin masallaci, ya ja shi gefe, ya tambaye shi a asirce ko gefen gonar na jingina ne.

Baffa ya kira yayana ya ce, in dai dole ne a bar wani wuri da yunwa, a mai da shi can baya wajen bishiyar kuka, inda ido ba ya kaiwa. Yayana ya yi masa bayani cikin ladabi cewa ƙuri'a ta riga ta faɗa, ba a canzawa. Baffa ya dube shi, ya yi shiru. Yayana ya ɗauki shirun nan a matsayin yarda, ya koma bakin aikinsa. Ni kuma a wannan bazarar ina birni wurin malamina.

Sai bayan an yi noman farko muka zo gida tare, shi da ɗalibansa da ni. Da muka tsaya a bakin hanya, sai ga fegin yunwa ya fi kowane fegi duhun ganye. Ɗaliban suka shiga mamaki, suna ta kawo dalilai da Turanci. Yayana ya matsa bakin fegin. Ya cire takalmi, ya shiga, ya tura hannu cikin kunya har wuyan hannu, ya fito da ƙasa. Da ya buɗe tafinsa, ga kashin awaki nan a ciki. Ashe Baffa ne da rana tsaka ya kai taki, a gaban kowa, ya bi da fartanya ya rufe. Gari duka an sani, ba wanda ya ga abin faɗa a ciki, domin a wurinsu tsoho ne ya gyara abin da yaro ya manta.

Bayan la'asar yayana da Baffa suka zauna a zaure, ina gefe. Ban taɓa ganin fuskar yayana haka ba, amma muryarsa ba ta tashi ba. Kafin ya gama tambaya Baffa ya tare shi.

“Ni na zuba. Ƙasar nan ubanku ya bar mini ita amana. Ban taɓa barin ta da yunwa ba, ba kuma a shekarar da mutane ke cin dusa zan fara ba.”

“Baffa, da ka gaya mini.”

“Na gaya maka. Ka ce mini ƙuri'a.”

Yayana ya ce aikin shekara guda ne ya lalace. Baffa ya ce shi bai ga abin da ya lalace ba, gero ne ya yi kyau. In kuwa karatun boko ya kai inda kyan gero ya zama ɓarna, to a sake duba karatun. Daga nan ya tashi ya shige gida. Har aka yi girbi, tsakaninsu sai gaisuwa.

Wani abokin aikin yayana, mutumin kirki ne kuma ba da mugun nufi ba, ya ba shi shawara. Ya ce akwai irin wannan fegi a wani ƙaramin gwaji da aka yi wajen Makoda, ƙasarsu kusan iri ɗaya ce. A ɗauko awon can a sa a gurbin na nan. Ya ce abin da za a samu ba zai yi nisa da gaskiya ba, kuma ba wanda zai taso daga ƙetare ya zo tonon kashin awaki. Ya tuna masa da ɗaliban da karatunsu zai tsaya, da magidantan da ke jiran aikin baɗi.

Da wannan maganar yayana ya same ni wata safiya bayan na sallami masu ɗaukar karatu. Ya zauna a kan buzun ɗalibai, ya ce yau fatawa ya zo nema. Ya ce, mutum ne ya ga mafi yawan abu da idonsa, wani yanki ya kuɓuce masa, amma yana da zato mai ƙarfi a kan yadda yankin yake. Shin ya halatta ya cike shaidarsa da wannan zaton, idan bayin Allah da yawa za su ci abinci ta dalilin haka? Na ce masa malamanmu ba su karɓar shaidar da aka cike da zato, komai ƙarfinsa. Mai shaida yakan faɗi abin da ya gani, ya tsaya inda ganinsa ya tsaya. Ya ɗan yi murmushi ya ce haka yake a wajensu ma, so yake kawai ya ji ko a tawa makarantar akwai ƙofar da babu a tasu. Na ce babu. Amma na ƙara masa da cewa rufa asirin wanda ya tsaya maka a matsayin uba shi ma haƙƙi ne, kada ya sauke wani nauyi ya taka wani. Ya ce wannan ya riga ya yi tunaninsa, kuma ba sai ya yi ƙarya ba. Ya ce ai gonar tana da mai ita, shi ne ya kafa turaku a cikinta bai sami yardarsa ba, ya ɗauki shiru ya kira shi amincewa.

Abin da ya rubuta wa ƙungiyar ke nan: gwajin bana ya ɓaci, ba za a dogara da shi ba, kuma laifin na mai binciken ne, domin bai daidaita da mai gona ba kafin ya fara. Suka amsa masa cikin girmamawa, suka yaba da gaskiyarsa, suka kuma ce ba za su sabunta ba. Aka karɓe motar. Ɗalibansa wasu suka koma hannun wasu malamai, ɗaya ya bar karatun gaba ɗaya ya kama kasuwanci, kuma har ƙarshen rayuwarsa yayana bai daina ambaton wannan ɗalibi da damuwa ba. Magidantan da suka sa rai da aiki, wasunsu suka tafi cirani. Ba zan ce abin bai yi ciwo ba. Akwai waɗanda suka daina gaishe shi da fara'a, kuma ban ga laifinsu ba.

A cikin wannan shekarar ne wata matashiyar malama ta sashen tarihi, 'yar gidan wasu 'yan kasuwa da asalinsu daga gabas suka zo suka zauna a Kano, ta nemi tallafi daga ƙungiyar nan da ta sallame shi. Ba ta san ta inda ake farawa ba. Yayana ya zaunar da ita a ofishinsa, ya nuna mata yadda suke son a tsara magana, da abin da ke sa su ƙi, ya ce shi yanzu ya san wannan ɓangaren fiye da kowa. Ta samu. Ranar da labari ya zo, uwargidansa ta ce ya shigo gida yana murna kamar shi aka ba, alhali a daren da ya gabata kunu suka sha suka kwanta.

Baffa bai san abin da ya biyo baya ba, sai da ya ga yayana yana sauka daga motar haya a Minjibir, yana ƙarasowa a kan aron keke. Magana ta bi ta cikin gida, daga bakin mata ta kai kunnensa. Ya sa aka kira ni, ya tambaye ni ko gaskiya ne saboda takinsa aka karɓe motar. Na ce gaskiya ne. Ya tambaya ko yaron ya gaya wa masu tallafin shi ne ya zuba. Na ce a'a, ya ce musu laifinsa ne. Baffa ya ja carbinsa, ya ce:

“Wauta. Ai da ya ce tsoho ne. Su can ba su da tsofaffi?”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Baffa ba mutum ne mai ba da haƙuri ga ɗan da ya goya ba, yayana kuma bai taɓa jiran haka daga gare shi ba.

Da rani ya zagayo, yayana ya dawo da igiyarsa da turakunsa, ba tallafi, ba mota, sai ɗalibi ɗaya da tsohon sikeli. Wannan karon bai nufi gona ba, zaure ya nufa. Ya tsuguna a gaban Baffa, ya sa ni shaida, ya roƙi aron gonar. Ya ce duk abin da fegin yunwa ya gaza bayarwa, zai cike shi daga nasa rabon. Baffa ya ce shi ba damin gero ne damuwarsa ba, idon mutane ne da haƙƙin ƙasa. Ya juyo gare ni ya ce in faɗa masa tsakani da Allah, ƙuri'ar nan ba caca ba ce? Na ce masa ba caca ba ce. Ko a rabon gado, idan kaso ya daidaita, malamai sun yarda a jefa ta domin a kawar da zargi. Sai yayana ya cire hularsa, ya zuba 'yan ƙuri'un a ciki, ya miƙa wa Baffa ya ce shi zai zaro da hannunsa.

Baffa ya yi bisimilla ya zaro. Ba ta faɗa bakin hanya ba. Ta faɗa a fegin da ke daura da rijiya, inda duk garin ke ɗiban ruwa safe da yamma. Yayana ya sunkuyar da kai don kada a ga murmushinsa. Baffa ya dubi hannunsa kamar ba nasa ba, ya ce to, shi ya zaro.

Shi da kansa ya kai takin sauran fegin a wannan shekarar. Na gan shi ya koro jaki da mangala cike, ya zo daidai igiyar fegin yunwa, jakin ya tsaya inda ya saba tsayawa. Baffa ya daɗe a wurin, hannunsa a kan mangala. Sannan ya juya kan jakin ya wuce. Damina duka yakan je ya tsaya a kan geron nan da ya yi rawaya, ya tsumbure, ya dawo gida ya kasa cin tuwo sosai. Duk mai ɗiban ruwan da ya yi masa jaje, sai ya ce karatu ake yi, a bar shi haka. Kuma ya hana kowa ko toka ya watsar a wurin.

Wannan gwaji da aka yi ba da kuɗin kowa ba, shi ne tushen aikin da daga baya ya jawo wa yayana tallafi mafi girma, masana fanninsa kuma suka ba shi lambar yabo a kansa. Tun daga lokacin, duk ƙauyen da ya shiga, mai gona ne ke zaro ƙuri'a da hannunsa, ɗalibansa ma haka suka gada. Amma ranar da aka auna geron, ba wanda ya san za a kai nan.

Ina wurin ranar. An yanke zangarniyar kowane fegi daban, an ɗora a sikeli, ɗalibin yana rubutawa. Na fegin yunwa da aka tara, abin tausayi ne. Baffa yana tsaye dogare da sanda har aka gama. Sai ya kira yayana da sunan yarintarsa, ya ce:

“In za ka rubuta musu, ka ce bana ban zuba ba.”

“Zan rubuta, Baffa.”

“Ka kuma rubuta cewa ban yarda ba.”

Na ɗauka yayana zai yi dariya ya bar maganar a nan. Bai bar ta ba. Da aka buga aikin, ya kawo shi gida, ya buɗe shafin godiya, ya fassara wa Baffa da Hausa a gabana: ana godiya ga mai gonar, wanda ya cika alkawari bai zuba taki a fegin gwaji ba har ƙarshen damina, ya kuma nemi a bayyana cewa bai yarda a bar ƙasa da yunwa ba. Baffa ya sa aka maimaita masa. Ya gyaɗa kai, ya ce yanzu an faɗi gaskiya. Sannan ya jawo akushinsa, ya tura shi tsakiya, ya ce yayana ya wanke hannu.

Ya Allah, bawanka ya zo gare ka, ka fi mu sanin abin da ya samu da abin da ya bari domin tsoronka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haɗa shi da Baffa da mahaifanmu a cikin rahamarka. Ka ba iyalinsa da ɗalibansa haƙuri. Mu kuma da muka rage, ka sa mu iya tsayawa inda saninmu ya tsaya, har ranar da za ka kira mu. Amin.